Ɗan Kallon Kan Tsamiya

Labarin nan na ba da shi a wata majalisa a Birnin Kebbi, mutanen wurin suka yi dariya suka ce ai wannan halin mutanen Argungu ne sak. Da na maimaita shi a Argungu, a rumfar wani mai shayi, aka ce mini ko tantama babu a Birni aka yi shi. Tun da kowa ya tura wa maƙwabcinsa, ni ma ba zan tsaya raba gardama ba. Gari ne dai a kwarin Rima, mai fadama da shinkafa da kifi, wanda ya taɓa mallakar gidan silima guda ɗaya tak.

Kafin a gina shi, majigi garin ya sani. Motar gwamnati ce ke zuwa jefi-jefi, tun zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai a 1960. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da injin wuta, wani ma'aikaci ya riƙe lasifika yana bayanin abin da ake gani: yadda ake haƙa masai, yadda ake tsare rijiya, yadda ake shuka auduga da gyaɗa a layi, sai kuma Sarauniyar Ingila tana saukowa daga jirgi ko Sardauna yana rangadi. Kyauta ne, manya na zaune a gaba, dogarai na kora yara baya, don haka ba wanda ya taɓa kiran majigi ɓarna. Silima kuwa da kuɗi ake shiga, cikin dare, a bayan katanga, kuma ba darasin tsafta ake nunawa ba. Da baƙin jininta ta zo tun ranar da aka aza harsashi.

Wani Kwara ne ya gina ta, ɗan Labanan, irin waɗanda ke sayen gyaɗa da fatu suna sayar da atamfa. Kusan ko'ina a Arewa haka abin ya faro. Su ne suka buɗe Rex a Kano a 1937, su ne kuma suka gano a shekarun 1950 cewa fim ɗin Indiya ya fi na Amurka araha, ya kuma fi shiga ran Bahaushe. Da gwamnatin Gowon ta kafa dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa a 1972, silima na cikin sana'o'in da aka ce baƙo ya sakar wa ɗan gida. Sai Kwaran ya sayar wa wani attajirin garin, dillalin busasshen kifi mai kai kaya Kudu. Attajirin nan bai taɓa zama ya kalli fim ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Cinikin dare ake kai masa da safe, ya ƙirga, ya sa albarka.

Wanda ya san gidan ciki da bai shi ne mai harba fim. Ofareta ake ce masa, sunan ya bi shi har yau da ya haura tamanin, jikokinsa ma Baba Ofareta suke cewa. Bakabe ne, ɗan masunta, ya guje wa homa da gora ya tafi Kano ci-rani yana saurayi, ya faɗa hannun wani tsohon ma'aikacin silima a Fagge. Maigidan nasa ya ga abin da ya faru ranar 13 ga Mayu 1951 da idonsa, ranar da silimar El Duniya ta kama da wuta mutum 331 suka halaka. Saboda haka kafin ya koya wa yaron zura fim a inji, tsoron wuta ya fara koya masa. Zaren fim na wancan zamani da sinadari mai saurin kamawa ake yin sa, daga baya ne aka sauya. Amma ko bayan an sauya, Ofareta bai taɓa yarda a kulle ƙofar fita ba muddin akwai mutum a ciki, ko da kuwa yara za su sulale ta nan su shigo, kuma bokitin yashi biyu ba sa barin bakin ɗakinsa. Wannan ya sha haɗa shi faɗa da mai karɓar tikiti.

Gidan ba shi da rufi. Doguwar katanga ce, bango ɗaya an shafe shi da farin fenti, shi ne allon. A gaba bencin siminti na masu 'yan kwabbai, a baya kujerun ƙarfe na ma'aikatan En'e da malaman makaranta da direbobin manyan motoci. Sai bayan isha'i ake farawa, don dole sai duhu ya kankama, in kuwa hadari ya taso da damina kowa ya san kuɗinsa sun tafi. A bakin ƙofa ga mai tsire, ga mai rake, ga mai soyayyen kifi, kowa da aci-bal-bal ɗinsa. Matan aure da 'yan matan gidan mutunci ba sa zuwa. Wadda aka gani a ciki ta gama jawo wa kanta suna.

Fim kuwa sai ya gama yawon duniya yake isowa. Daga Ikko ya hau Kano, ya zaga su Wapa da Plaza da Orion, ya bi ta Gusau da Sakkwato, sannan a ɗoro gwangwanayensa a motar kaya tare da buhunan gishiri. Kafin ya zo ya sha karce, ya tsinke an ɗaura ba adadi, wani lokaci ma waƙar da ta fi daɗi wani ofaretan ya yanke ya ajiye wa kansa. Kowane faifai minti ashirin ne ko kusa da haka, fim ɗin Indiya mai awa uku kuwa faifai takwas ko tara ne. Manyan gidaje inji biyu gare su, wannan na ƙarewa wancan na ɗauka, mai kallo ba ya ma lura. Nan inji ɗaya ne. Duk bayan minti ashirin sai allo ya yi fari fat, Ofareta ya cire faifan da ya ƙare ya zura sabo, ya leƙa sandunan kabon guda biyu da ke ci suna ba da haske, ya matso da su in sun yi nisa da juna, zufa na zuba, jama'a a ƙasa na ta fito suna ambaton iyayensa. Bai taɓa jin haushi ba, domin wanda ya fi kowa zagi da dare shi ke fara miƙo masa goro da safe. Akwai daren da aka yi wa gwangwanaye lamba a birkice, bos ya mutu a faifai na biyar, sai ga shi a na shida da ransa yana jibgar akta. Mutane suka miƙe za su fasa ɗakin inji. Wani dattijo a kujerun baya ya ce kowa ya zauna, ai Indiya ƙasar tsafi ce. Aka zauna.

A wannan bangon garin ya ga Mother India har ya haddace, ya ga Sholay, ya ga Dharmendra da ake wa laƙabi da Sarkin Ƙarfi, ya ga Bruce Lee, wanda duk daren da aka sa shi washegari sai an kai wani yaro wurin maɗori. Ba mai jin Indiyanci, amma kowa ya gane auren dole in ya gan shi, ya gane azzalumin mai ba da bashi da ruwa, ya gane uwar da ke noma ita kaɗai don ta ciyar da 'ya'yanta.

Ban ce wurin masallaci ne ba. Ana busa wiwi a lungun bayan allo, ana yankan aljihu, ɗalibai na tsallake katangar makarantar kwana su zo, magidanci na iya kashe kuɗin cefane a tikiti da tsire. Limamin unguwar ya yi shekaru yana wa'azi a kan gidan, kuma har ga Allah yake yi, bai faɗi ƙarya ba. Shi da Ofareta sahu ɗaya suke sallar asuba, su gaisa, kowa ya kama gabansa.

Sai dai ba wa'azi ne ya karya silima ba, kuɗi ne. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, naira ta faɗi warwas, hayar fim daga waje ta gagari ƙananan gidaje, kabon da kayan gyara suka zama sai wane da wane. Ga bidiyo ta shigo da kaset ɗinta. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kafin shekara goma Sangaya ta shiga kowane ɗaki, matan da ba su taɓa taka ƙofar silima ba suka koma su ke ba mazansu labarin fim. Da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ma'aikata suka ƙaru, mai albashi ya sayi talabijin, samari suka koma gidan kallon ƙwallo. Magadan attajirin suka lulluɓe babban inji da tamfol, suka sayo ƙaramin majigin bidiyo mai hoto dishi-dishi. Daren da mutum talatin suka shiga, an yi ciniki. Albashin Ofareta ya fara tsallaken wata.

A haka shekarar 2000 ta riski gidan. Shari'a ta dawo a jihohin Arewa, Zamfara ta fara, Kebbi na cikin waɗanda suka bi. A Kano gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Talakawa na cikin murna ta gaskiya, suna ganin adalci ya iso. A garin namu kuma sai ga wani matashin ɗan siyasa, gemunsa bai daɗe da fara tsayawa ba, ya ɗauki maganar silima ya aza a ka. Ya tara sa hannu, ya ja tawaga zuwa wurin hukuma, ya tsaya a bakin ƙofar gidan da lasifika ya ce nan ce matattarar Shaiɗan. Ya ce in an rufe, Islamiyya za a yi, ko ɗakin shan magani, ai ga Palace can a cikin birnin Kano an mayar da ita asibiti. Aka yi kabbara, aka sa kwaɗo. Liman ya matso ya ce a fara sallamar ma'aikata tukuna, don Shari'ar da ake magana ba ta yarda a ci gumin lebura ba. Matashin ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce wannan shi ya ɗauki nauyinsa.

Gidan da aka kira matattarar Shaiɗan a bainar jama'a, wa zai taya shi da daraja? Ya yi shekara biyu ko uku a kulle, ciyawa ta cinye benci. Magada suka gaji suka sakar da shi a kuɗin da bai kai na kangon bayan gari ba, mai sayen kuma ta hannun dillali ya saya. Sai da aka ga an ɗora wa katangar rufin kwano, an faɗaɗa ƙofa yadda tirela za ta shiga da baya, sannan aka san ko wane ne: matashin nan ne. Saniyar da ke kwance tana shure-shuren mutuwa ya sa wa wuƙa, ya ɗaga murya da bisimilla don a ji, ya tafi da nama da fata. Tun kuwa da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, manyan injinan casa suka kama aiki a Birni da Argungu, duk mai babban sito a kwarin nan ya san Allah ya rufa masa asiri. Shanshera ce a ciki har rufi.

Matashi ya zama Alhaji. Ya riƙe muƙami nan, ya riƙe can, ya ajiye tumbi, gemun ya dawo daidai misali. Ana nan sai tarihi ya yi kasuwa. Bikin kamun kifin Argungu, wanda ya samo wannan siffa tasa tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi shekaru ba a yi ba. Kowa ya fara laluben tsohon abu a bayan ɗakinsa da zai nuna wa baƙi. Garin ya kafa kwamitin adana tarihi da jawo masu yawon buɗe ido, aka ware masa kuɗi, aka ba Alhaji shugabanci. Wani yaro mai digiri a cikin kwamitin, wanda ba a haife shi ba lokacin da silima ke tashe, ya ce a ƙasashen waje tsohon gidan silima abin tinƙaho ne, Turawa na son irin wannan. Ya ƙara da cewa ko Saudiyya ta sake buɗe silima a 2018 bayan shekara 35. Da Alhaji ya ji an ambaci Saudiyya sai ya gyara zama ya ce a sa a kasafi: rumfar baje koli, tsohon inji, da hirar bidiyo da tsohon ma'aikaci.

Da hantsi suka same shi a zaure, ya buɗe cikin rediyon wani maƙwabci yana ƙona dalma. Da wannan yake ci tun da aka sa kwaɗo. Ya ture kayan gefe, ya shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da jiki da zafi.

"Baba, maganar tarihi ce ta kawo mu," in ji Alhaji. "Wannan gidan silima namu abin alfahari ne. Mu da muka tashi a garin nan mun san gudunmawar da ya bayar wajen wayar da kan al'umma. So muke ka gaya wa duniya da bakinka."

"Ranka shi daɗe, wace silima?"

"Tamu mana, ta bakin kasuwa."

"Au, to. Na aza sito kaka nufi."

Mai kyamara ya kafa ƙafafunta, ya maƙala wa tsoho abin magana a wuyan riga. Mai digiri ya ce Baba ya fara da masu kallo, su wane ne, yaya suke.

"Masu kallo iri ukku na, ɗana. Akwai na benci, akwai na kujera, akwai na bisa tsamiya. Wata babbar tsamiya ta, nan bayan katanga, wajen gabas. Na bisanta su na ba su da ko kwabo. Akwai wani yaro cikinsu, ban mance shi ba. Maraya na, uwatai na saida fura bakin tasha. Kullum shi ka riga kowa hawa, reshe guda gare shi, ba mai taɓa mai shi. Wani dare munka sa Bruce Lee, yaro yam mance bisa icce shike, yat tashi shi gwada tsalle."

Sakataren kwamiti ya tuntsire da dariya.

"Cikin gidan yaf faɗo, bisa bencin siminti. Hannu ya kariye, nan." Ya kama tsintsiyar hannunsa ta hagu. "Mai tikiti yac ce a kai shi ga 'yan sanda, ɓarawon kallo na. Nic ce a'a. Nik kashe inji, mutane na ta zagi, nis saɓa shi ga kafaɗa har gidan maɗori. Da yaw warke nic ce mai, daga yau kada in koma ganin ka bisa icce. Ka zaka ɗakin inji ka riƙa maida min faifai baya, ka yi kallonka ta taga. Shekara huɗu shina nan wurina. In tuwo nis samu, tare muka ci. Yaro mai kai, wallahi. Waƙar Indiya in ya ji sau guda ya riƙe ta, in anka yanke ta ga fim shi ka ƙarasa muna da baki."

Alhaji ya janyo hannun babbar rigarsa ya rufe agogo.

"Kai, Baba, ai wannan shi ne labarin!" in ji mai digiri. "Ina yaron yake yanzu? Shi ma ya kamata mu yi hira da shi."

"Allah masani. Ya girma, ya shiga duniya. Sau guda dai na ji wata murya ga lasifika, nan bakin ƙofa, ranar da anka rufe. Mai muryar shina cewa shi bai san abin da ag ga cikin gidan ba sai labari, don gidan tarbiyya yat tashi. Nic ce to, ba shi na ba. Murya ta kawai tay yi kama."

Zauren ya yi tsit, sai kukan awaki daga cikin gida. Sakatare ya sunkuya yana neman wani abu a jakarsa.

"Baba, a bar maganar yara, rana na yi," in ji Alhaji. Ya shiga bayanin babban shirin da ke gaba: za a ɗauko kamfani daga Ikko, da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, a yi fim a kan Kanta, duniya ta san su wane ne Kabawa.

"Madalla. Wanda anka yi da fari fa, kun gan shi?"

Suka dubi juna. Ba wanda ya san an taɓa yi. An kuwa yi. Adamu Halilu, wanda ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Umar, fim a 1976, ya kuma zama shugaban farko na Hukumar Finafinai ta Nijeriya, ya yi fim mai suna Kanta of Kebbi a ƙarshen shekarun 1970. Ofareta ya yi shekaru yana tambayar duk direban da ya kawo gwangwanaye daga Sakkwato ko ya ji ɗuriyarsa, bai taɓa samu ya haska shi a bangonsa ba. Shi kansa Shehu Umar a ɗakin ajiya ya kwanta shekara da shekaru, sai a 2016 aka tono shi, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Mutanen Balin sun ga Shehu Umar tas a babban allo. Kanta kuwa, wanda ya gina Surame, ya tsaya wa Askiya na Songhai da rundunar Barno a ƙarni na 16, wanda gidan tarihin Argungu ke ɗauke da sunansa tun 1958, je ka tambayi duk wanda bai kai hamsin ba, daga Makera Gandu har bakin Matan Fada, ko ya taɓa ganin fim ɗinsa.

Mai digiri ya rubuta sunan a wayarsa. Sakatare ya ce neman tsohon fim ba ya cikin kasafi.

"To in kunka yi naku, ina za ku nuna shi?"

"A intanet, Baba. Kowa ya kalla a wayarsa."

"Kowa shi kaɗai?"

"E, haka ake yi yanzu."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Da can in yaro ya shiga silima, kamin shi kai gida labari ya riga shi, don kawunai na nan kujerar baya. Yanzu jikana na ɗaki da waya tun isha'i har assalatu, ban san mi shika kallo ba. Islamiyyar da anka ce za a yi nan, da can nit tura shi."

Alhaji ya duba agogon da ya rufe, ya tuna, ya mayar da hannun riga. "Saura abu ɗaya, Baba. Inji. Ko ka sayar mana, ko ka ba mu aro, za a kula da shi sosai."

"Inji ai shina wurinka, Alhaji."

"Wurina kuma?"

"Ranar da anka sa kwaɗo na roƙi a bar ni in shiga in ɗauko butata da buzuna da littafina. Littafi na babba, na rajista, duk fim ɗin da nih haska tun zamanin Kwara na rubuta shi ciki, da rana da wata, da yawan mutanen da sunka shiga. Anka ce min ba mai koma taka gidan Shaiɗan. To ban koma ba. Inji na sama, cikin tamfol, na shafe shi da mai kamin in fito. In kun tafi, don Allah a duba min butar."

Suka ɗunguma zuwa bakin kasuwa, ban da tsoho, wanda ya ce mai rediyo na jira. Tsamiyar an daɗe da sare ta don tirela ta sami wurin juyawa. A ciki buhuna ne jere har sama, farin bangon na leƙowa ta bayansu, an cika ƙasansa da lissafin lodi da gawayi. Suka hau 'yar matattakala zuwa ɗakin inji. Katifar maigadi ce a ciki da gidan sauro, ƙananan tagogin nan an toshe su da tsumma saboda ƙura. A tsakiyar daɓen ramukan ƙusa huɗu ne, da tabon baƙin mai a tsakaninsu.

Maigadi ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, ai babban ɗanka ne ya kira 'yan gwangwan, an kwana biyu. Da guduma suka farfasa shi don ya ƙi bi ta ƙofa, suka ware tagulla daban, ƙarfe daban, aka auna a sikeli. Littafi kuwa ya tarar da saura kaɗan lokacin da ya kama aiki, wanda ya gada da shi yake hura wutar shayi. Bokiti ɗaya na nan, yana wanki da shi. Buta bai gani ba.

An yi baje koli. Sun samo wani mataccen majigin aji daga sito na wata makarantar sakandare, aka fesa masa baƙin fenti, aka aza shi a tebur da jan ƙyalle, aka rubuta bayani da Turanci da Hausa. Baƙi sun tsaya sun ɗauki hoto da shi. Hirar Baba ma an nuna, minti biyu, inda yake lissafa sunayen 'yan wasan Indiya da kuma labarin bos ɗin da ya dawo da rai. An yi dariya sosai. Mai digiri ya tambayi inda sauran hirar ta shiga, aka ce masa sautin wurin bai fita ba.

Bayan an watse Alhaji ya aika direbansa da ambulan. Tsoho ya buɗe a gaban direban, ya ƙirga sau biyu, ya sa a aljihu, ya ce a yi wa Alhaji godiya, a kuma gaya masa na wata guda ya shigo, saura shida.

A rahoton da Sakatare ya miƙa, an rubuta cewa an samo injin asali bayan dogon bincike, an kashe kuɗi kaza wajen saye da gyara da jigila, kuma dattawan gari sun ba da cikakken haɗin kai. Aka yaba wa kwamiti, aka sabunta masa wa'adi. Bana an ce tsohuwar marinar gari za su waiwaya, har an fara cigiyar wani tsohon marini da za a yi hira da shi. Filin marinar gidan mai ne yanzu, mai famfo shida.